Ƙaramin jirgin sama mai rimot: abin da mai koyo a Damagaram ya kamata ya sani kafin ya tayar da shi

Daga Birni zuwa Zango, daga Sabon Gari zuwa Garin Malam, da wuya ka ratsa unguwa ba ka gamu da yaro yana jan motar kara ko ta gwangwanin madara ba. Masu hikimar cikinsu har jirgi suke ɗaurawa, da fukafukai da ƴar farfela a hanci. Sai dai jirgin kara a ƙasa yake ƙarewa. Yanzu kuwa da salula ta shiga hannun kowa, matasa suna kallon bidiyon ƙananan jirage masu tashi da gaske, mutum yana tsaye a ƙasa yana juya su da rimot, kuma tambayar da ke yawan iso mana ita ce: yaya ake koyon wannan abu? To ga bayani, gwargwadon yadda wanda bai taɓa riƙe rimot ba zai gane.

Da farko mu raba gardama. Jirgin da muke magana a kai ba shi ne mai farfela huɗu da masu ɗaukar hoton biki suke tayarwa ba. Wancan yana iya tsayawa cak a sama, kuma akwai ƴar kwamfuta a cikinsa mai daidaita shi, in ka saki hannu sai ya jira ka. Namu mai fiffike ne, kamar jirgin da ke ɗaukar alhazai, kuma ba ya jira. Muddin yana sama to tafiya yake yi, in ya daina tafiya ya faɗo. Shi ya sa koyonsa ya fi wuya, shi ya sa kuma wanda ya iya shi ya fahimci yadda babban jirgi yake tashi, don ƙa'idar ɗaya ce.

Kada a raina shi a ce wasan yara ne. A 1871 wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya tayar da ɗan jirgi mai aiki da murɗaɗɗiyar roba a birnin Paris, ya yi tafiyar mita 40 cikin daƙiƙa 11. Wani abin wasa mai irin ƙirarsa ne mahaifin Wilbur da Orville Wright ya kawo musu suna yara a 1878, su ne kuwa suka tashi da jirgi mai inji a Amurka ranar 17 ga Disamba 1903. A watan Agusta na 2003 ɗan jirgin da Maynard Hill ya ƙera, wanda nauyinsa bai wuce kilo 5 ba, ya ƙetare tekun Atlantika daga Kanada zuwa Ailan, tafiyar kilomita 3,000 da ɗoriya cikin awa kusan 39. A nan gida ma muna da misali. Aziz Kountché, ɗan Nijar da ya kafa kamfanin Drone Africa Service a Yamai, da kansa ya koyi ƙira, kuma a 2016 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira ta yi aiki da jirginsa mai suna T-800 M wajen ɗaukar hoton sansanonin Sayam Forage da Kabelawa a jihar Diffa. A lura, da izinin gwamnati aka yi wannan aiki. Za mu dawo kan maganar izini.

Kayan da ke cikinsa

Abu shida ne kawai ke sa shi aiki. Akwai rimot ɗin da ke hannunka, wanda wasu ke kira telekomand, mai aika saƙo ta iska kamar yadda tasharmu take aiko muku da murya, sai dai shi a kan zangon gigahaz 2.4 yake. Akwai ƴar na'urar karɓar saƙon a cikin jirgi. Akwai batir, akwai injin lantarki mai juya farfela, akwai mai daidaita gudun injin da ƴan kasuwa ke rubutawa ESC, sannan ƙananan injuna da ake kira sarbo, masu nauyin garam 9, su ne ke ja da tura sassan da ke motsi a fiffike da wutsiya. Yawancin waɗannan kaya daga Chaina ake yin odarsu ta intanet, kuma kuɗinsu ba na wasa ba ne ga ɗan lakkol ko yaron shago. Gangar jikin jirgin ita ce mai arha: farin abin nan mara nauyi mai kama da totuwar kara, wanda ake tallafe sabon firiji ko talabijin da shi a cikin kwali, shi da gam da sikoc da ƴan tsinkayen katako sun isa.

Wajen zaɓen jirgin farko ne mutane da yawa suke yin asara tun ba su bar ɗaki ba. Ido yana son mai kama da jirgin yaƙi, mai gajeren fiffike da tsinin hanci. Wannan kuwa gudu gare shi, kafin hannunka ya tuna abin da zai yi ya riga ya dasa hanci a ƙasa. Mai koyo jirgi mai sanyin tafiya yake buƙata: fiffikensa a bisa gangar jiki, faɗinsa daga wannan baki zuwa wancan mita 1 zuwa 1.4, nauyinsa ƙasa da kilo 1, kuma bakunan fukafukan sun ɗan ɗaga sama kamar na ungulu idan tana shawagi. Wannan ɗan ɗagawar ita ke sa jirgi ya daidaita kansa in ka saki sanda. In ka samu wanda injinsa yake bayan fiffike ba a hanci ba, ya fi, domin hanci shi ne mai shan ƙasa, kuma a yashinmu inji da farfela ba sa son wannan gaisuwa.

Ma'aunin nauyi

A nan za mu ɗan daɗe, don wannan ne ke kashe jirage da yawa a tashinsu na farko, mai jirgin kuma ya koma gida yana zargin rimot ko yana cewa an sa masa baki. Kowane jirgi yana da wurin da nauyinsa na gaba da na baya suke daidaita, kamar sikelin mai awo a kasuwar Dole. Ga jirgin koyo mai miƙaƙƙen fiffike, wurin yana tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin 100 na faɗin fiffiken, in ka auna daga bakinsa na gaba. Misali, fiffiken da faɗinsa daga gaba zuwa baya santimita 20 ne, sai ka auna santimita 5 zuwa 6 da rabi daga gaba, ka yi alama da biro a ƙarƙashinsa, hagu da dama. Ka saka batir yadda za a tashi da shi, ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu daidai kan alamomin. Ya kamata ya tsaya daidai, ko hancinsa ya ɗan sunkuya kaɗan. In wutsiya ce ta rinjaya, kada ka tayar da shi, ko da abokai sun taru suna jira. Ka matsar da batir gaba, in bai isa ba ka manna ƴan tsabar kuɗi ko ƙaramin noti a hanci.

Dalili kuwa shi ne, jirgin da hancinsa ya ɗan yi nauyi yana tashi, sai dai yana da taurin kai kuma yana sauka da gudu. Wanda bayansa ya yi nauyi kuwa ba ya jin magana sam: ka taɓa sanda kaɗan ya miƙe tsaye, gudunsa ya mutu, ya juyo da ka. Ko gwani ba ya iya riƙe shi. Kuma a sake wannan awo kafin kowane tashi, don batir yana gocewa, gyara da gam kuma yana ƙara nauyi a inda ba ka zata ba.

Sanduna biyu, aiki huɗu

Rimot yana da ƴan sanduna biyu da ake juyawa da manyan yatsu. A tsarin da aka fi amfani da shi, wanda ake kira tsari na 2, sandar hagu in ka tura ta gaba ko baya tana ƙara ko rage wutar inji, in ka kai ta gefe tana karkata sashen wutsiya na tsaye. Sandar dama in ka jawo ta wajenka hanci ya ɗaga, in ka tura ta ya sunkuya. In ka kai ta gefe kuma sai ƴan marfin da ke bayan fukafukai, wato eleron, su kwantar da jirgin dama ko hagu. Wasu jiragen koyo ba su da eleron, wutsiya ce ke juya su, sai a mayar da aikinta kan sandar dama. Wannan ya wadatar ga mai farawa.

Kafin kowane tashi ka tsaya a bayan jirgin ka gwada. Ka kai sandar dama zuwa dama, eleron na dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. Ka jawo ta baya, marfin wutsiya na kwance ya ɗaga sama. In wani ya yi akasin haka to an juya shi, a gyara a cikin rimot. Jirgin da aka tayar da eleron a juye ba ya cika daƙiƙa biyar a sama.

Ƙa'idar kunnawa ita ma ba ta canzawa: sandar wuta a ƙasa, rimot ne farkon kunnawa, sannan a haɗa batirin jirgi. Wajen kashewa a fara cire batirin jirgi, rimot ne na ƙarshe. In kana gyara a gida, cire farfela tukuna. Roba ce, amma tana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, tana tsaga yatsa har ƙashi, kuma injin lantarki ba ya yin gargaɗi kafin ya tashi.

Shawarar da muka fi ba da ƙarfi a kai ita ce a fara koyo a kan allo. Akwai manhajojin kwaikwayon tuƙi, irin su PicaSim da ake samu kyauta a salula da kwamfuta, da RealFlight na saye. Rimot da yawa, har da masu sauƙin kuɗi irin FlySky, ana iya haɗa su da kwamfuta da ƴar waya ta musamman. Ka faɗi sau ɗari a can, ko dala ba ka kashe ba. Kada ka fita fili sai ka iya sauka sau goma a jere ba ka karya ba. In kuma akwai wanda ya riga ka iyawa, ka nemi ya tsaya kusa da kai, shi ya tayar ya kuma saukar, kai ka riƙe a tsakiya.

Fili, iska, da hukuma

Maganar hukuma ita ce gaba da komai. Kowa ya san halin tsaron da ƙasarmu take ciki, kuma jami'in tsaron da ya hango wani abu yana shawagi ba zai tsaya tantance na wasa ne ko na leƙen asiri ba. Hukumar ANAC ita ke kula da sha'anin jiragen farar hula a Nijar. Kafin ka tayar da komai ka nemi bayani a wurinta da wurin hukumomin tsaro na gari, in an ba ka izini ka riƙe takardar a aljihu. Ka yi nesa da filin jirgin saman Zinder, da barikin soja, da na jandarma, da gidan kaso, da ofishin gwamna, da fadar mai martaba Sarkin Damagaram. Kada ka ɗaura masa kyamara. A Turai da Amurka iyakar hawan irin waɗannan jirage mita 120 ce, mai koyo kuwa ko rabin haka bai buƙata. Mai unguwa ko mai gonar da za ka shiga shi ma a gaishe shi a gaya masa, ladabi ne kuma kariya ce.

Filin da ya dace shi ne wanda ya kai girman filin ƙwallo biyu ko fiye, babu wayoyin kuran, babu gawo ko aduwa a tsakiya, babu hanya kusa, babu garken dabbobi. Gonar gero bayan girbi tana da faɗi, amma tushiyar kara tana farke cikin jirgi, sai a nemi inda aka share. Manyan duwatsun nan da garinmu ya yi suna da su kuwa a guje musu, domin iskar da ta bugi dutse tana murɗawa a bayansa, ta kifar da ƙaramin jirgi ba zato. Yara za su taru, wannan ba makawa. A sa babba ɗaya ya tsare su a bayan matuƙi, kuma jirgi kada ya bi ta kan mutane ko sau ɗaya.

Sai iska. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, daga arewa maso gabas take busowa, kuma da hantsi take ƙarfi. Da sassafe bayan asuba, ko da yamma lis, ta fi kwanciya, nan ne lokacin mai koyo. Ka ɗebi yashi ka sake shi: in ya zuba kusa da ƙafarka, bismilla, in ya tafi a kwance, koma gida. Da safe a wannan lokaci ka tsaya kana fuskantar arewa maso yamma. Rana za ta kasance a bayanka, iska tana zuwa daga hannun damanka, jirgi kuma zai sauka daga hagu zuwa dama a gabanka. Ranar da hazo ya sauka, farin jirgi ɓacewa yake yi a sama, don haka a shafa wa fukafukai launi mai duhu, na sama daban na ƙasa daban, don ka san ko a kife yake. Da bazara, Afrilu da Mayu, zafi yana haura digiri 40, iska tana yin sako-sako, jirgi yana buƙatar ƙarin gudu kafin ya ɗaga, gam yana narkewa, ga guguwar tsakar rana. Da damina kuwa in hadari ya haɗo daga gabas ka sauke nan take, iskar da ke gabansa ta fi ƙarfin kowane ɗan jirgi.

Tashi da juyawa

Kullum iska ake fuskanta wajen tashi da wajen sauka. Dubi shirwa ko hankaka in za su sauka a kan bango, ba sa juya wa iska baya. A yashi ƙananan tayoyi nutsewa suke yi, don haka jefawa da hannu ya fi. Ka ba shi wuta kamar kashi uku cikin huɗu, abokinka ya tura shi gaba a miƙe, fukafukai a daidaice. Ba sama ake jefa shi ba. Ka bar shi ya sami gudu tukuna, sannan ka jawo sanda kaɗan ya hau a hankali. Ka kai shi kamar mita 40 ko 50, ka rage wuta zuwa rabi. Masu koyo suna ganin kusa da ƙasa ya fi aminci, alhali a sama ne kuskure yake da wurin gyara.

Juyawa kuwa taɓi uku ne. Ka kai sanda gefe kaɗan har jirgin ya ɗan kwanta, ka mayar da ita tsakiya, ka jawo ta baya kaɗan don kada hanci ya faɗi. In ya juyo inda kake so, ka kai ta ɗaya gefen ya miƙe. Wanda ya danne sanda a gefe bai saki ba, jirginsa zai ci gaba da mirginawa har ya sulalo. Motsin yatsa ɗan kaɗan ne, kamar mai neman tasha a tsohuwar rediyo.

Akwai wani ruɗani da ke kama kowa. In jirgi yana tafiya gaba ya ba ka baya, damansa ita ce damarka. In ya juyo yana fuskantarka, sai komai ya zama a juye a idonka: ka kai sanda dama, ka gan shi ya yi hagunka. Dabarar da ke aiki ita ce, in yana tahowa kuma fiffike ɗaya ya sauka, ka tura sanda wajen wanda ya sauka ɗin, kamar kana tokare shi da ita. Wasu kuma suna ɗan juya jikinsu wajen da jirgin ya nufa, suna kallonsa ta kafaɗa. Kada ka ɗauke ido daga kansa, ko an kira sunanka, kuma kada ka bar shi ya yi nisan da ba ka bambance hanci da wutsiya.

Abu na biyu shi ne mutuwar gudu. Fiffike yana ɗaukar jirgi ne saboda iskar da ke gudana a kansa. In ka ɗaga hanci da yawa, iskar ta rabu da fiffiken, sai jirgin ya yi laƙwas ya faɗa. Zuciya za ta ce maka ka ƙara jan sanda, wannan kuwa shi ke ƙarasa shi. Abin yi shi ne ka saki sanda, ka bar hanci ya sunkuya, ka ƙara wuta, in gudu ya dawo ka ɗago a hankali. Yana da kyau ka gwada wannan da gangan a can sama, ka san yadda jirginka yake yi.

Sauka

Batirin da aka fi amfani da shi, mai ɗaki 3 da ƙarfin miliyamfa 2,200, yana ba da kamar minti 8 zuwa 12. Ka sa agogon salula ya buga a minti 6, don ka sami sauran wutar sake gwadawa. Ka bi da jirgin tare da iska ya wuce ka, ka juyo da shi ya fuskance ta, ka daidaita fukafukai, ka rage wuta ka bar shi yana gangarowa da kansa. Kada ka tura hancinsa ƙasa don gaggawa. In ya rage kamar tsayin gwiwa, ka kashe inji, ka jawo sanda sannu sannu har ya shafi yashi da cikinsa. In ka ga zai wuce fili ko ya karkace, ƙara wuta ka hau ka sake zagayowa, babu kunya a ciki. In kuma faɗuwa ta zama dole, kashe inji kafin ya taɓa ƙasa, ko ba komai ka tsira da shi da farfela. Gangar jiki gam da sikoc suna mayar da ita cikin awa ɗaya. Bayan kowace sauka a busa yashin da ya shiga inji.

Batirin LiPo

Wannan ba batirin tocila ba ne, yana iya kama wuta, kuma ɗakunanmu akwai katifa da zana da labule. Kowane ɗaki nasa yana cika a bolt 4.2, kuma kada a bari ya sauka ƙasa da 3.3, in ba haka ba ya lalace. Da cajarsa ta musamman mai daidaita ɗakunan ake cika shi, mai miliyamfa 2,200 a kan amfa 2.2, ba a wucewa. Da yawan irin waɗannan cajoji suna karɓar wutar bolt 12, don haka batirin mota ko na sola yana yi ranar da aka ɗauke kuran. A saka shi cikin tukunyar ƙasa a kan siminti, bokitin yashi a kusa, mutum yana wurin har ya cika. Ba a cajinsa da dare ana barci, ba a cajinsa da zafinsa bayan an sauko, ba a barinsa a cikin mota ko ƙarƙashin kujerar babur da rana. In za a ajiye shi fiye da ƴan kwanaki, a bar kowane ɗaki a wajen bolt 3.8, a wuri mai inuwa. Wanda ya kumbura ko ya lotse a faɗuwa ya gama aiki: kada a huda shi, kada a jefa shi a juji inda ake cinna wuta ko yara suke tone-tone. A haɗa shi da ƙaramin ƙwan fitilar mota a waje, cikin yashi, har wutarsa ta ƙare ƙaf, sannan a rabu da shi.